Jakar Ladanin Balan

A Balan ba kowa ne ya san sunan yanka na Malam Abdurra'uf ba. Ladan ake ce masa, manya da yara. Gidansu gidan karatu ne, amma shi bai yi nisa kamar yayyensa ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa littattafan fiƙihu a zauren mahaifinsa, daga nan ya kama gona. Abin da Allah ya ba shi murya ce. Tun kafin a kawo lasifika masallacin unguwarsu, masu gonaki a bayan gari da kiransa suke ajiye fartanya. Da lasifikar ta zo kuma sai da aka riƙa roƙonsa ya ɗan ja baya, don idan ya matso kusa sai ta kama kuka.

Dogo ne, siriri, mai saurin tafiya, ga tsafta. Matarsa Haulat takan ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya zauna a tabarma bai kakkaɓe ta ba. Rigar masallaci daban, ta gona daban, ba ya ma barin su haɗu a ƙusa ɗaya. Yana noma gero da dawa da gyaɗa, da yamma ya koya wa 'yan ajin farko baƙi a Islamiyya. 'Ya'yansu maza suna kudu wajen neman abinci. Autarsu Naja'atu tana aure a Ajingi, mijinta Hadi direban bas ne mai zirga-zirga tsakanin Ajingi da Kano. Gidan ya koma su biyu, sai awaki da kaji.

Ya daɗe yana fama da ƙaba a mararsa. Idan ta fito sai ya kwanta ya danna ta a hankali ta koma, ya ɗaure wurin da tsohon rawani ya ci gaba da harkarsa. Haulat ta sha yi masa maganar asibiti. Amsarsa ɗaya ce kullum, a bari a gama girbi. Girbin kuwa ya zo ya wuce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A kakar da abin ya faru gyaɗa ta yi kyau. Yana ɗora buhu a kan amalanke ya ji wani abu ya fizge shi a mara. Ƙabar ta fito, ta yi tauri, ta ƙi komawa. Aka yi ta gasa masa wurin da ruwan zafi ana jiƙa masa saiwa, har ya fara amai kore, ciki ya kumbura, ba iska ba bayan gida. A nan ne Haulat ta daina neman izininsa, ta kira Naja'atu a waya. Hadi ya sauke fasinjojinsa ya zo da bas ɗin babu kowa. A asibitin Gaya ba su ɓata lokaci ba, suka sa masa ruwa suka ce a wuce Kano. A ranar aka shiga da shi tiyata.

Da aka fito da shi, likitan ya kira Haulat gefe ya yi mata bayani. Wani yanki na ƙaramin hanji ya maƙale a cikin ƙabar har ya mutu, sun yanke shi. Cikin ya riga ya gurɓace, idan suka haɗa hanjin yanzu ɗinkin ba zai riƙe ba. Don haka sun huda fatar ciki sun fito da bakin hanjin waje. Ta nan bayan gida zai riƙa fita, ya zuba cikin wata jakar roba da ake mannawa a fata. Ba na dindindin ba ne. Idan ya warke ya yi ƙarfi, za a sake aiki a mayar.

Haulat ta gyaɗa kai ta yi godiya, amma ba ta gane ba sai da ta gani. Wata nas ce ta buɗe mata, Sista Afra'u, gajeriyar mace mai sanyin murya. A gefen cibiyar Malam ga wani ɗan nama jajur, jiƙe, kamar cikin leɓe, yana motsi shi kaɗai. Jakar kuwa ta kusa cika da ruwa kore mai duhu. Malam ya juya fuskarsa bango.

"Mama, matso ki gani," in ji Afra'u. "Ke za ki riƙa yi idan kun koma gida, gara hannunki ya saba tun a nan."

"Wannan ruwan fa, 'yata? Haka zai yi ta zuba?"

"Yanzu haka zai yi, hanjin bai farfaɗo daga aikin ba. A hankali zai yi kauri ya zama kamar koko. Daga nan ba zai wuce ba, kar ki jira ki ga irin bayan gidan da aka saba. Idan kin ga koko ki gode wa Allah. Idan ya koma ruwa tsululu, kina ta zubarwa fiye da yadda kika saba, to jikinsa ne yake tsiyayewa. Idan kuma ya tsaya cak ciki na murɗa, wannan ma ki neme ni."

Ta nuna mata yadda ake zubar da jakar tun ba ta kai rabi ba, da yadda ake yanka ramin sabuwa daidai da bakin hanjin, da wanke fatar da ruwan ɗumi a bar ta ta bushe. Abin da ya fi ba Haulat mamaki maganar ruwan sha ce. Ta ɗauka mai zubar da ruwa sai ya yi ta sha. Afra'u ta ce a'a, zallan ruwa idan ya kwankwaɗa da yawa wucewa zai yi, ya tafi da gishirin jikinsa. Ruwan gishiri da sukari na fakiti, irin wanda ake ba yara masu gudawa, shi zai riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. A ƙara masa gishiri a miya, ya sha ƙwayar rage gudun hanji kafin abinci kamar yadda likita ya tsara. A riƙa lura da fitsarinsa kuma, idan ya ragu ya yi ja, kar a jira. Ta ba Haulat lambar wayarta.

Sai da nas ɗin ta tafi Malam ya yi magana, fuskarsa na bango har yanzu.

"Haulatu, da sun bar ni."

"Kar ka sake faɗar haka, Malam."

Da suka dawo Balan ya shige ɗaki ya ce kar a bar kowa ya shigo. Masu dubiya suka riƙa tsayawa a zaure, Haulat ce ke fita ta amsa gaisuwa ta ce yana barci. Ya kuma ƙirƙiro wata dabara tasa. A ganinsa idan bai ci ba babu abin da zai fita, sai ya riƙa taɓa abinci yana turewa. Amma jakar ba ta daina cika ba, sai ma ta ƙara ruwa, ga iska tana kumbura ta kamar an hura. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Haulat ta kira Afra'u ta sa wayar a bayyane, ta ajiye kusa da kunnensa.

"Baba, hanji ba ya hutawa don ba ka ci ba," in ji Afra'u. "Abinci ne yake riƙe ruwan. Ka ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ka tauna sosai. Idan ba ka yi ƙiba ba likita ba zai yarda ya mayar maka ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta shige shi. Ya fara ci.

Daga nan Haulat ta koma kallon jaka kamar yadda manomi ke kallon hadari. Ta gano tuwon shinkafa da miyar kuka suna kawo kaurin da ake so. Haka ayaba, da dafaffen dankali, da kunun gyaɗa mai kauri. Ranar da ta ba shi wake, jakar ta yi ta kumbura har yamma. Nono yana sa ta gudu, haka shayi idan sukari ya yi yawa. Albasa da ƙwai wari suke ƙarawa, shi kuwa wari ne abin da ya fi tsana, don haka ta cire su daga tukunya har ita ma ta daina ci. Wata safiya ta zo zubarwa ta ga abin ya yi kauri, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Ta tsaya a bakin masai da jakar a hannu tana hamdala. Ba wanda za ta iya gaya wa wannan murnar sai Afra'u, ita ɗin ta kira.

Jakunkunan sai a Kano ake samu. Hadi ne ke sayowa ya ba Naja'atu, ita ta kawo ranar da ta samu fita. Wani lokaci shagon ya ce sun ƙare. Irin wannan lokacin Haulat takan yi dabara da farar leda da filasta, amma abin da ke fita daga ƙaramin hanji yana da zafi, idan ya taɓa fata cinye ta yake yi. Kewayen wurin ya saɓule ya yi ja, yana tsatsafar ruwa, sabuwar jaka ma idan ta zo sai ta ƙi kamawa da kyau. Takan kwantar da shi a bar wurin ya sha iska, tana zaune da tsumma a hannu tana tare abin da ya fito, shi kuma ya rufe idonsa da damtse.

Sau ɗaya suka ga ɗaya abin da Afra'u ta yi gargaɗi a kai. Maƙwabta sun gama masa aikin gyaɗar da ya bari a gona, suka kawo gida. Ya ga Haulat ta soya kaɗan, ya ɗibi cikin hannu ya watsa a baki, ga shi turamen haƙoransa sun zube ba ya iya tauna sosai. Washegari jakar ta wuni kusan babu komai, sai ɗan ruwa mai wari. Bakin hanjin ya kumbura, ciki na murɗa masa yana zufa. Afra'u ta ce a dakatar da abinci, a ba shi ruwan ɗumi yana kurɓa, ya kwanta ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a riƙa shafa masa cikin a hankali, idan ya fara amai ko abin ya ƙi sakewa a taho ba jira. Wajen la'asar hanya ta buɗe, gyaɗar ta fito guntu-guntu. Malam ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Gyaɗar gonata ma ta fi ƙarfina," ya ce.

Mutum ɗaya ne ya ƙi tsayawa a zaure, Goni Salihu, limamin masallacin. Kakanninsa daga Borno suka zo, amma shi a Balan aka haife shi, tare suka yi ƙuruciya da Malam. Ya yi sallama ya ɗaga labule ya shiga, ya zauna a bakin gado.

"Ladan, masallaci ya yi shiru. Hamma mahauci ne yake kira, muryarsa ko layin bayanmu ba ta kaiwa."

"Goni, da wace alwalar zan shiga ɗakin Allah? Najasa ce rataye a jikina, fita take ba da sanina ba."

"Kai ma ka karanta babin nan. Wanda abu yake fita masa ba ya iya riƙewa, ai an yi masa sauƙi. Ka zubar, ka tsaftace, ka yi alwalarka ka yi salla. Ba ni na ƙirƙiro ba."

"Na karanta. Ban san a kaina na karanta ba."

Goni bai gaji ba, ya yi ta zuwa. Haulat ma ta sa baki, ta ce ta lura da hantsi jakar ta fi natsuwa idan ya karya da wuri, kiran azahar ba zai gagara ba. Da ya ɗan yi kumari sai ya yarda. Ta sa masa sabuwar jaka, ta ɗaure masa ita da ƙyalle mai laushi, ya sa farar rigarsa ta masallaci ya shafa turare. Tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji muryar ta tashi. Ta yi rauni, amma tasa ce. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna yi mata barka.

A tsakiyar kiran ta ji ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba ya ƙarasa. Ba a jima ba sai ga shi ya shigo da sauri, ya dafe gefen cikinsa da hannu biyu. Yunƙurin ɗaga murya ya ɓamɓare jakar daga fatar da ba ta gama warkewa ba. Farar rigar ta ɓaci tun daga ciki har gwiwa. Ya bi ta gaban mutane suna alwala a haka.

Goni ya rantse masa ba wanda ya yi magana, wasu ma ba su lura ba. Bai saurara ba. Haulat ta wanke rigar ta fita tas, ya ce ta ba wa wani. Bai sake taka masallacin ba, Islamiyya ma ya aika a nemi wani. Idan Hamma ya fara kira sai ya tashi ya yi sallarsa a ɗaki, wani lokaci ta ji yana bin kiran a hankali yana gyara inda aka ja fiye da kima.

Da suka koma ganin likita, aka auna shi aka ɗebi jini. Likitan ya ce ciwon ya warke, amma jiki bai murmure yadda za a sake yanka shi ba. A ƙara masa lokaci, a dawo bayan salla. Sannan ya dube shi kai tsaye.

"Baba, azumin bana ba naka ba ne. Da wannan jakar, ga zafi, idan ka wuni ba ka sha ba ƙodarka ce za ta taɓu. Idan an mayar maka sai ka rama."

Malam ya ce to.

Azumi ya kama cikin zafi. Haulat tana azuminta, amma takan dafa masa shinkafa da hantsi ta kai masa ɗaki da kofin ruwan gishiri da sukari, ta fito ta bar shi, don ya ce yana jin nauyin ci a gaban mai azumi. Idan ta koma sai ta tarar da kwano babu komai. Da magariba kuma ya zauna tare da ita ya sha ruwan randa kofi bayan kofi, ya sa hannu a kunun tsamiyar da ta dama wa kanta. Ta hana shi, ya ce ɗan kaɗan ne.

Jakar ce ta tona shi. Kaurin da ta yi wata da watanni tana lallaɓawa ya ɓace, abin ya koma ruwa kore irin na asibiti. Da rana ba ta ganin alamar shinkafa a ciki, bayan magariba kuwa sai ta yi ta cika tana zubarwa. Leɓensa ya bushe, idanu suka faɗa, idan ya miƙe sai ya dafa bango. Ta duba gwangwanin fitsarinsa ta ga ɗan kaɗan ne, ja kamar shayi. Ta zagaya bayan ɗakin, ƙarƙashin taga, ta tarar da kaji suna tsattsagar shinkafa, ƙasa kuma a jiƙe inda ake zubar da kofin.

Ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Malam, azumi kake yi."

Bai musa ba.

"Ka ji abin da likita ya ce. Goni ma ya faɗa maka Allah ya ɗauke wa mara lafiya."

"Na sani, Haulatu. Kira ya fita hannuna, sahu ya fita, yaran makaranta sun fita. Tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba. Shi kaɗai ya rage wanda zan yi ba wanda ya ga jakata."

"Ni fa? Idan ka faɗi, wa ka bar wa ni?"

Ya dube ta, ya ga tana kuka ba sauti. Ya miƙa hannu ya karɓi kofin ya kurɓa. Ranar ya karya azuminsa da rana tsaka, hawaye na bin gemunsa.

Sai dai abin ya riga ya yi nisa. Duk abin da ya sha sai ya wuce ta jaka ko ya dawo ta baki. Ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa yana nishi. Haulat ta kira Afra'u, ita kuma ta ce kar su ƙara minti ɗaya a gida. Hadi ya zo, shi da Goni suka ɗauke shi zuwa mota, nauyinsa bai fi na yaro ba. Fitsari ya riga ya ɗauke gaba ɗaya kafin su isa Kano.

Aka yi ta ƙara masa ruwa, leda na ƙarewa ana rataya wata. Likitoci suka ce ƙodar ta bugu, amma akwai fata. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara dawowa kaɗan, har ya nemi kunu. Naja'atu ta yi ta murna tana kiran yayyenta a waya. Sai kuma zazzaɓi ya shigo, ƙirji ya cushe, jikin da ba shi da sauran ajiya ya kasa ɗauka.

Wata la'asar Haulat tana canza masa jaka, ta ja labulen gado ta kewaye su. Hannunta ya saba, tana yi ba ta ko dubawa sosai. Ya bi hannun da ido.

"Haulatu, ki yafe min. Na sa ki wahala, na kuma ƙara miki da taurin kai."

"Ba ka yi min komai ba, Malam. Ni ma ka yafe min."

"Tun da aka fara wannan abin ban taɓa ganin kin yamutsa fuska ba. Ni mai jikin na kasa kallo, ke kina kallo."

Ba ta gaya masa cewa ranar farko da Afra'u ta buɗe mata, sai da ta lallaɓa bayan ɗakin ta yi amai, ta wanke fuska sannan ta dawo ba. Ta manna jakar, ta dafa ta da tafin hannu don ta kama, ta ja masa riga.

"Ka samu sauƙi mu koma gida," ta ce.

Ya rasu ana saura 'yan kwanaki salla, da hantsi, Goni na zaune a gefensa yana karatu. A Balan aka yi masa sutura. Goni ne ya yi masa wanka da kansa, bai bar kowa ya taya shi ba sai Hadi. Mutane suka zo daga Gaya da Ajingi da ƙauyukan kewaye, sahu ya fita har bakin hanya.

Haulat ta yi takabarta a ɗakin. Damina ta sauka, 'yan unguwa suka yi gayya suka shuka mata gonar. Naja'atu ta so ta ɗauke ta zuwa Ajingi, ta ce a bari tukuna. Abin da ya fi damunta ba ta faɗa wa kowa ba sai Goni: da ta zauna a gabansa yana ci tun ranar farko, da ta zagaya bayan ɗaki da wuri, da ƙila abin bai kai haka ba. Goni ya ce mata kwanansa ne ya ƙare, ita ta yi abin da ba kowa zai iya ba. Ta amsa da to, amma tunanin bai bar ta ba.

Bayan ta fita takaba, Hadi ya zo gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ɗauko wata mata daga Kano zuwa Toranke, Hure sunanta, an yi mata irin aikin Baba bayan zazzaɓin taifot ya huda mata hanji. Mijinta ya ce ta ƙi cin abinci, ba ta barin kowa ya matso, su kuma ba su san yadda ake yi ba.

"Inna, na ce ko za ki iya zuwa. In ba za ki iya ba, ba komai."

Haulat ba ta son ta sake ganin jakar nan a rayuwarta. Amma washegari ta dafa tuwon shinkafa da miyar kuka ta zuba a kwano, ta ɗauko sauran jakunkunan da suka rage a ƙasan akwati, ta shiga motar Hadi.

Ta tarar da Hure a kwance a ɗaki mai duhu, matashiya ce, da goyo ana riƙe mata a waje. Haulat ta buɗe taga, ta zauna, ta ce a kawo ruwan ɗumi. Da ƙyar Hure ta bari aka ɗaga rigar. Fatar ta saɓule, jakar cike da ruwa kore. Haulat ta wanke wurin, ta bar shi ya bushe, ta yanka sabuwa ta manna, tana yi tana faɗa mata abin da za ta gani nan gaba da abin da zai sa ta nemi asibiti ba jira. Sannan ta buɗe kwanon ta tura gabanta.

Hure ta kalli tuwon, ta kalli Haulat.

"Inna, an ce mijinki ma an yi masa. Shi an mayar masa da hanjin?"

Haulat ta gyara mayafinta.

"Lokacinsa ne ya riga zuwa," ta ce. "Ke yarinya ce, za a mayar miki da yardar Allah. Sa hannu ki ci, ina nan zaune har ki gama."